Taswirar Sabiru

Adawiyya ta shiga shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta na wata kwaleji da ke Daura da goyo a bayanta. Ta girmi yawancin 'yan ajin, shi ya sa ba mai kiran sunanta kai tsaye, sai Maman Nana. Da malaminsu, Malam Dabo, ya raba ɗalibai rukuni-rukuni don aikin kammala karatu, sai ya haɗa ta da mutum uku: Sabiru ɗan Mai'adua, wanda kowa ya yarda ya fi kowa iya rubuta manhaja a ajin, da Fadila mai shiru-shiru, da Musaddiq ɗan Zango, wanda fashinsa ya fi zuwansa yawa. Ita aka ɗora wa jagoranci, ba don ta nema ba.

"Bana ba na son ku ɓace wata uku, sannan ku kawo mini abin da ba wanda ya nema," in ji Malam Dabo. "Tsarin da za mu bi ana ce masa ajayil. Ku nemo mutum na gaske mai matsala ta gaske. Duk mako biyu ku gina ɗan abin da ke aiki, ku kai masa ya taɓa da hannunsa, ku ji ta bakinsa, ku dawo ku gyara. Kullum da safe kuma ku haɗu a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, da wanda zai yi yau, da abin da ya tare masa hanya."

Musaddiq ne ya kawo musu gwaggonsa, Hajiya Kulu, wadda ke da injinan sussuka biyu a Zango da take ba manoma haya. Da kaka wayarta ba ta hutawa. Kowa cewa yake shi ya riga, har an taɓa ba hammata iska a ƙofar gidanta a kan layi. Abin da take so kawai a san wa ke gaba, wa ke bi masa.

Zagayen farko suka gina shafin shiga mai kyau, da wurin sa suna da lambar sirri. Suka shiga motar haya zuwa Zango, Adawiyya a matse a kujerar baya, Nana a cinya. Hajiya Kulu ta juya wayar sama da ƙasa.

"Sannunku da ƙoƙari. To ina layin?"

"Gwaggo, shi ne na gaba," in ji Musaddiq.

A zagaye na biyu suka kai layin. Ta duba, ta ce ai yawancin manomanta ƙananan wayoyi ke hannunsu, sai dai a riƙa tura musu saƙon tes. Kafin su kai tasha kuma ta kira ta ce ta sake tunani: a jera mutane ƙauye-ƙauye, don kada a yi ta jan inji gabas da yamma. Rabin abin da suka rubuta ya tashi a banza.

Adawiyya kan tashi tun asuba ta ɗora abin kari, ta yi wa Nana wanka, ta iso kwaleji idanunta na yaji. Taron tsayen nasu a gindin wata darbejiya suke yi, bayan ɗakin kwamfuta. Fadila ta faɗi nata a taƙaice. Musaddiq in ya zo sai ya ce babu wuta jiya a unguwarsu. Sabiru kuwa, da aka ba aikin saƙon tes, kullum amsarsa ɗaya.

"Ina kai. Ba abin da ya tare ni."

Sai ana jibi za su koma Zango ya buɗe kwamfutarsa yana murmushi. Taswirar ƙasar Zango ce ya gina, gonaki ɗigo-ɗigo, ga ɗan hoton inji yana tafiya a kan hanya daga wannan ƙauye zuwa wancan. Abin ya yi kyau ƙwarai, har Fadila ta ce masha Allah ba ta sani ba.

"Saƙon fa?" Adawiyya ta tambaya.

"Wannan ai ƙaramin abu ne, Maman Nana. Kowa zai iya."

A wayar Hajiya Kulu taswirar ta ƙi buɗewa. Suka koma ƙofar gida neman sabis, suka ɗaga wayar sama, abin yana ta juyawa. Hajiya ta gaji da tsayuwa ta koma kan tabarma.

"'Ya'yana, an fara yankan gero fa. In sai an gama sussuka za ku kawo abin nan, ku riƙe kayanku, ba komai. Na gode."

Washegari Adawiyya ta ce a ajiye taswira gefe, kowa ya koma kan saƙo. Fadila ta gyaɗa kai, Musaddiq ma haka. Sabiru ya rufe kwamfutarsa da ƙarfi.

"Kin san wahalar da na sha a kanta? Ke me kika rubuta a aikin nan, in ba manna 'yan takardun rabon aiki a allo ba?"

Maganar ta soke ta, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ta gyara goyonta, ta ce taro ya tashi. Daga ranar Sabiru ya daina zuwa, a makon kuma mahaifin Musaddiq ya kira shi gida yankan gero.

Ta je ofishin Malam Dabo ta zayyana masa komai, tana fatan ya kira Sabiru ya tsawata masa. Ya saurare ta har ƙarshe.

"Zan iya kiransa, ya dawo ya zauna kamar gunki. Wannan ba zai amfane ku ba. Kuskuren ku duka ne: kun bar mutum ɗaya yana aiki shi kaɗai, yana ce muku ba komai, ba wanda ya ce nuna mana. Ku gwada gyarawa tsakaninku. In ya gagara, ki dawo."

Ta fito ranta a dagule. Ita da Fadila suka zauna gaban kwamfuta ɗaya suna bin abin da Sabiru ya rubuta layi-layi. Bai bar bayani ko ɗaya ba, sunayen da ya raɗa wa abubuwa kuma shi kaɗai ya san ma'anarsu. In sun gyara nan, can ya lalace. Nana na fitar da haƙora, tana ta rigima, Fadila ta karɓe ta ta jijjiga, Adawiyya ta ci gaba da dannawa. Wata rana da la'asar saƙo ɗaya ya fita ya shigo wayar Fadila. Na biyu ya ƙi. Suka kalli juna, ko ƙarfin yin tsaki ba su da shi.

Da Asabar ta zo Adawiyya ta bar Nana wurin surukarta, ta hau ɗan sahu zuwa rumfar gyaran waya da ke kusa da tasha, inda Sabiru ke taya wani abokinsa aiki. Ya ga tahowarta, ya sunkuyar da kai kan wayar da yake kwancewa.

"Ina wuni, Maman Nana."

"Lafiya lau. Ba haƙuri na zo ba ka ba, ba kuma na zo ka ba ni ba. Na gaji ne, Sabiru. Ni da Fadila mun kasa."

Ya ajiye wayar. Can ya ce, "In mun gama, kowa na da inda zai dosa. Ni babur ne ke jirana a Mai'adua, in riƙa ɗaukar kaya zuwa bakin iyaka kamar yayyena. Taswirar nan ita nake so in nuna a Kano ko zan samu wanda zai ɗauke ni aiki. Wa zai ɗauke ni don na iya tura tes?"

"Me ya sa ba ka faɗa mana ba tun farko?"

"A tsaye, a gindin bishiya?"

Ta zauna a kan benci, ƙafafunta na zugi.

"Ba wanda zai goge maka ita. Taka ce, ka kai ta inda kake so. Amma matar nan mun yi mata alkawari."

Ranar Litinin Sabiru ya zo, bai gaishe da kowa da fara'a ba. Adawiyya ta sa sharaɗi ɗaya: ba zai sake taɓa kwamfuta shi kaɗai ba. Fadila ke bugawa, shi yana gefe yana bayani. Abin ya yi masa wuya, hannunsa sai kaiwa yake yana janyewa. Sun yi ta samun saɓani, sau biyu Fadila ta tashi ta fita shan iska. Amma saƙonni suka fara fita, kuma yanzu mutum uku ne suka san yadda aka yi.

Lokacin da suka kai wa Hajiya Kulu, an kusa gama sussukar gero. Ta sa sunayen manoman wani ƙauye da kanta, a hankali, da ɗan yatsa ɗaya. Ba a jima ba wani ya kira yana tambaya ko da gaske ne inji zai zo masa ranar Laraba.

"Da gaske ne, Malam Hamma," ta ce. Ta ajiye wayar ta dube su. "Gero dai ya wuce mu. Allah Ya kai mu dawa."

Da dawa ta zo Hajiya ta yi amfani da manhajar, ko da yake wasu manoman ba su fasa zuwa ƙofar gida da rigimarsu ba. A kwaleji rukunin ya samu sakamako matsakaici. Malam Dabo ya ce aikin ƙarami ne, amma yana cikin kaɗan da wani ke amfani da su a waje. Musaddiq ya dawo daidai ranar gabatarwa, fuskarsa duk ta yi baƙi da rana. Fadila ta karɓi alhakin kula da manhajar in ta samu matsala. Sabiru ya tafi Kano bayan jarrabawa, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Ranar da suka rubuta takarda ta ƙarshe, Adawiyya ta koma gida da azahar ta tarar da wanki jibge a tsakar gida. Ta tsallake shi ta shiga ɗaki, ta yi sallah, ta kwantar da Nana, ita ma ta miƙe a gefenta.