Kwalbar Maganin Mai Ƙugiya

Madaurin ya matse damtsensa, na'urar ta yi ɗan ƙugin nan nata, sannan ta saki iska. Na karkato da ita wajen hasken ƙofa don in ga lambar da kyau.

"Nawa?" in ji Mai Ƙugiya.

"Ɗari da tamanin da bakwai. Na ƙasan ɗari da goma."

"Batirinta ne ya yi sanyi."

"Jiya na sa sabo."

"To idonka ne ya yi sanyi," ya ce, yana dariya yana sauke hannun rigarsa.

Ni ban yi dariya ba. Ni mai aski ne, shagona yana ƙasan benen da muke haya, kujera biyu da madubi ɗaya mai tsaga a kusurwa. Na'urar awon jinin tawa ce, don shekara tara ke nan ina haɗiyar ƙwayar hawan jini kowace safiya. Da mazan layinmu suka gane ina da ita, sai ta zama ta kowa. A yi aski, a miƙo hannu. Saboda haka na san lambar da ake wasa da ita, na kuma san wadda ba a wasa da ita.

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da shi, ƙofarsa tana kallon tawa a hawa na biyu. Aikinsa tuƙa dogon injin nan na ɗaga kayan gini, mai ƙugiya a baki, shi ya sa sunan ya bi shi. Ɗakin tuƙin wani ɗan akwatin gilashi ne can ƙololuwa, ana hawansa da tsanin ƙarfe, minti ashirin hawa, minti ashirin sauka. Daga ƙofar shagona ina hango hannun injin a saman rufin gidaje. In ya juya, nakan ce wa wanda nake yi wa aski, "Ga maƙwabcina can yana motsa jiki."

Tsanin nan shi ne mafarin komai. Da asibiti suka gano hawan jininsa, sai suka ba shi wata farar ƙwaya ƙarama, kuma ta karɓe shi, lambarsa ta sauko. Sai dai tana sa fitsari. Ya ce min kafin rana ta take sai ya matsu sau huɗu. Duk saukowarsa kuwa mutum arba'in ne za su tsaya cirko-cirko, motar kwaɓin siminti tana jira, kwaɓin yana daskarewa. Ya gwada tafiya da gora, ya ce ransa ya ƙi. "Ni da furfurata, a ɗakin gilashi, kamar wanda ke kwance a gadon asibiti?" Rannan shugaban aikin ya ce masa a gaban jama'a, in ƙafa ta gaji akwai matasa. Ya kuma san in kamfanin ya ji kalmar hawan jini, sauko da shi za a yi, a ba shi gadin ƙofa.

Wata uku kafin wannan awon, ya shigo shagon da yamma, ya ajiye wata kwalba a kan teburin kayan askina. An zana wata jar laimar kwaɗi mai sheƙi a jikinta. Wani mai walda a wurin aikinsu ne ya kawo masa.

"Garin naman kaza ne aka ɗura a ƙwaya," ya ce. "Yana wanke jijiya. Ba sinadari, ba fitsari."

"Laimar kwaɗi dai? Wadda ke tsirowa a ruɓaɓɓen itace?"

"Wannan ta magani ce, jahili. Mai waldan ya ce surukinsa da ita ya rabu da ciwon."

"Ciwon nan ba a rabuwa da shi, lallaɓa shi ake yi."

Bai saurare ni ba. Ya zaro kwalbar asibiti daga aljihu, ya juye fararen ƙwayoyin a takardar jarida, ya ƙunshe. Sannan ya ɗura na laimar kwaɗin, masu ruwan ƙasa, a kwalbar asibitin, ya murɗa murfi. Ya miƙo min ƙunshin.

"Ajiye min. Zan ce wa matata asibiti sun canja min iri. Amana ce, Mai Aski."

Na karɓa. Wallahi na karɓa, na buɗe aljihun tebur na tura shi ƙarƙashin tsofaffin matazai. Na ce a raina ciki ba don abinci kaɗai aka yi shi ba, kuma kwana biyu zai yi ya dawo hayyacinsa.

Matar tasa Maman Biyu muke ce mata, tagwayenta mata sun yi aure sun bar garin. Tun ranar da aka ce mijinta yana da hawan jini ta ɗaura yaƙi. Ta rage gishiri har yana cewa abincin gidansa kamar an dafa kwali. Ta raba shi da soye-soye. Kwalbar maganin kuma a hannunta take, ita ke buɗewa kowace safiya, ta sa masa ƙwaya a tafin hannu, ta tsaya da kofin ruwa har sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Duk sanda za ta wuce kasuwa sai ta leƙo shagon.

"Yaya, ya lambar mutumin naka?"

"Da sauƙi," nake cewa.

"To madalla. Kai nake ji, shi ba ya faɗin gaskiya."

Sai ta wuce da jakarta, ni kuma in ci gaba da aski hannuna ba daɗi.

Kada a ce ban yi masa magana ba. Na yi, har na gaji. Na ce masa maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne, ni ma na farkon da aka ba ni tari ya sa ni, na koma aka canja. Na ce ya je ya faɗa wa likita yadda aikinsa yake, ya tafi da laimar kwaɗin ma a duba ta. Ya ce layin asibiti wuni guda yake ci, sai an gama zubin hawa na goma sha biyu. Aka gama, ya ce na goma sha uku. Kullum hujjarsa ɗaya: "Ni fa ba na jin komai. Garau nake." Na ce ai mugun abin ke nan, ba ya sallama in zai shigo. Duk wannan surutun shi nake yi wa. Wadda ya kamata in yi wa, hawa biyu ne kawai tsakanina da ita, ban taka ba.

Ranar wata Talata da sassafe, ina share gashin jiya, ya shigo da hular kwanonsa a hannu. Ya zauna a kujera ba tare da ya tsokane ni ba, yana murza ƙeyarsa.

"Kaina ne," ya ce. "Tun da na tashi. Kuma ina ganin abu kamar ta cikin ruwa."

Na ɗaura masa na'urar. Ɗari biyu da shida, na ƙasan ɗari da ashirin. Na sake ɗaurawa a ɗaya hannun, kusan haka.

"Yau ba za ka hau ba," na ce. "Rufe shagon zan yi, mu tafi asibiti yanzu."

"Yau ake zubin rufin ƙarshe. Mota tara ce za ta zo. Gobe, na rantse maka, gobe da kaina zan tashe ka."

"Mai Ƙugiya, ka ji tsoron Allah."

Muna cikin haka sai ga takun silifa a matakala. Maman Biyu ce, riƙe da kular abincinsa da ya manta. Ta tsaya a bakin ƙofa, ta ga madaurin a hannunsa, ta yi murmushi.

"Au, awo ake yi? Yaya, nawa yau?"

Na'urar tana hannuna, fuskarta tana kallon ƙirjina. Juyawa kawai zan yi. Na ɗaga kai, muka haɗa ido da shi ta cikin madubi. Idon nasa jajur, yana roƙona.

"Da sauƙi," na ce.

Ta ajiye kular a cinyarsa, ta gyara masa wuyan riga, ta ce kada ya sake ya sayi wani abu mai gishiri a hanya. Ya fita. A bakin ƙofa ya ɗan dafa kafaɗata.

Wunin ranar rabin hankalina yana waje. Har na yanki wani a bayan kunne, abin da na shekara ban yi ba. In na leƙa sai in ga hannun injin yana juyawa, in ce to. Wajen ƙarfe biyu na leƙa na ga ya tsaya. Na gama kan da ke gabana na sake leƙawa, yana nan yadda yake. Sai na ji jiniya.

Mai waldan ne ya ba ni labari daga baya, yana kuka kamar ba shi ya kawo kwalbar ba. Ya ce bokitin kwaɓi cike yana rataye a saman mutum goma sha biyu, sai suka ga ya yi lilo. Suka kira shi a rediyon hannu, maganarsa ta fito a lauye, ba a gane ko kalma ɗaya. Sai bokitin ya fara matsawa a hankali, a hankali, har ya bar kan mutane, ya sauka a fili inda ba kowa. Daga nan rediyon ya yi shiru. Sai da masu ceto suka yi awa biyu kafin su sauko da shi, ɗaure a gadon ɗaukar majinyaci, da igiya.

A asibiti na sami Maman Biyu a kan benci, jakarta a ƙirji. Likitar ta fito, wata mai farin tabarau, ta ce jijiya ce ta fashe a kansa, jini ya zuba a ƙwaƙwalwa. Ta tambaya ko yana shan maganinsa.

"Ko kwana ɗaya bai tsallake ba," in ji Maman Biyu. "Da hannuna nake ba shi. Ga shi ma na taho da shi."

Likitar ta karanta takardar jikin kwalbar, ta buɗe, ta zazzaga a tafinta. Ta daɗe tana kallo.

"Mama, wannan ba shi ne abin da aka rubuta a nan ba."

"Ya ce kun canja masa iri."

"Ba mu canja ba. Wannan irin na ƙarin abinci ne da ake sayarwa. Wasu suna sha, amma ba ya zama a madadin maganin hawan jini, kuma ko tare za a haɗa sai an tambaya. Tun yaushe?"

Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Na ji bakina yana cewa, "Wata uku da kwana goma. Farar tana sa shi fitsari, ga aikinsa a sama."

"Ai da ya faɗa," likitar ta ce a hankali. "Akwai waɗanda ba sa sa fitsari. Minti biyar ne a canja."

Maman Biyu ba ta dubi likitar ba. Ni ta duba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, da ma ta yi. Ta buɗe tafin hannunta na dama, wanda take sa masa ƙwayar da shi, ta dube shi, ta rufe.

Kwana uku ya yi bai farfaɗo ba. Ranar Juma'a da hantsi ya cika, tagwayen suna gefensa. Ni ina waje a kan benci, don ban ga fuskar da zan shiga da ita ba.

Bayan mako guda injin ya ci gaba da juyawa, an sa wani. Na daina leƙawa. Maman Biyu kuma in za ta kasuwa sai ta tsallaka titi ta bi ta wancan gefen. In mun haɗu a matakala na gaishe ta, takan amsa, amma ta daina ce min "Yaya". Na cancanci fiye da haka. Na sha cewa a raina amana na riƙe, amma ƙarya nake yi wa kaina. Kunyar idon namiji ɗan'uwana na ji, na bar mace tana ba mijinta garin laimar kwaɗi da bismillah.

Sai rannan, wajen wata biyu da rasuwar, da safe ba kowa a shagon, ta shigo. Ta rame. Ta zauna a kujerar da yake zama, ta naɗe hannun rigarta.

"Kaina ke ciwo kwana biyu," ta ce. "Auna ni."

Na ɗaura mata. Na'urar ta yi ƙugi, ta saki iska. Na buɗe baki.

"A'a," ta ce. "Juyo min da ita. Ni zan karanta."

Na juya. Ta karanta, ɗari da sittin da takwas, ta maimaita a hankali don ta riƙe. Ta ce gobe za ta asibiti. Har ta miƙe, sai ta tsaya.

"Nasa fa? Na gaskiyan. Ina ya zubar?"

Na jawo aljihun tebur, na ɗaga matazan, na fito da ƙunshin. Jaridar ta yi laushi, ɗan guntun gashi ya manne mata. Ta warware a kan teburin, tsakanin almakashi da reza. Suna nan farare tas, ko ɗaya bai ragu ba. Ta ɗauki guda ta sa a tafin hannunta, ta tsaya tana kallonta. Ta cikin madubi, can bayan kanta, hannun injin yana juyawa a saman rufin gidaje.