Cinyar Dagaci

Ni ne Kumai maharbi. Ku tambaya daga gindin dutsen Kagoro har kasuwar Kafanchan, in an ce ba a san ni ba, yaro kuka tambaya. Ban zauna a aji ba ko na yini guda, ɗan haɗa baƙin nan ma katikis ɗin cocinmu ne ya koya mini da na tsufa. Amma masu takardun da suka yi zamani da ni duk suna ƙarƙashin ƙasa, ni kuwa ga ni ina cin tuwon acca da haƙorana. Sau ɗaya tak mutuwa ta zauna kusa da ni har muka ci abinci a kwano guda, shi ne zan ba ku labari.

A shekarar da soja suka ce suna shirin miƙa mulki, wato saba'in da takwas, 'yan fashi suka tare motar citta a hanyar da ta bi bayan ƙauyenmu, suka harbe direba. Kafin mako ya zagayo aka turo mana wani Saje Nicholas, mutumin Binuwai, da 'yan sanda biyu, suka sauka a gidan Dagaci. Saje ya sa aka yi shela cewa duk mai bindiga ya kai ta, mai lasin da marar lasin, kuma wanda aka kama da ita bayan wa'adi, da shi da ɗan fashi ɗaya ne a wurin hukuma. Yana yawo da kwalin ashana a aljihu. In ya tara mutane sai ya buɗe shi ya nuna ɗan ƙarfen da likita ya ciro daga ƙirjin direban. Ɗan boris ne na keke. To duk maharbin ƙasarmu da 'ya'yan boris yake ɗura adakarsa, wato bindigar gargajiya, har da ni. Wani maƙeri a ƙauyen da ke gaba da mu, gwangwanin boris kawai aka samu a maƙerarsa, aka jefa shi a mota, har damina ta yi nisa matarsa ba ta san inda yake ba.

A gidan burukutun Lucia ake yanka maganar kowace Lahadi bayan an taso daga coci. Manyan masu bakin su biyu ne. Akwai Malam Bartholomew, hedimastan firamare, wanda ba ya rabuwa da jarida. Akwai kuma Meshak, tsarana, tare aka yi mana kaciya, ya yi soja har ƙarshen yaƙin basasa ya dawo yana jan ƙafa.

Malam ya ce sabon tsarin mulkin da ake rubutawa a Ikko ya ba kowa haƙƙin ransa da haƙƙin dukiyarsa, kuma ba a karɓe wa mutum kaya sai an biya shi. Bindiga kuwa dukiya ce, kuma da ita ake kare rai. Meshak ya ce Malam ya karanta rabi ya bar rabi, domin takardar nan da kanta ta bar maganar makami a hannun gwamnati, kuma ko ba haka ba, jaririn da ba a haifa ba ba ya raba gardama. Yau dokar soja ce ke aiki. Malam ya ce wace irin gwamnati ce za ta cika rediyo da a yi noma a ciyar da ƙasa, sannan ta ce ƙasar gonar ta gwamna ce, ta bar 'yan kasuwa su karya farashin citta, yanzu kuma ta karɓe abin da ake korar alade da biri da shi. Meshak ya ce ai gwamnatin ce ta kawo takin zamani da araha, kuma shi ya ga abin da bindiga ke yi in ta yi yawa a hannun mutane, Malam kuwa a jarida ya gani.

Ranar nan ne Meshak ya ba mu labarin harbin 'yan fashi da ya kalla a Kaduna. Ya ce ganguna ake jerawa a cika su da yashi, a kafa turaku a gabansu, a ɗaure mutum tun daga ƙirji har gwiwa. Ya ce akwai wani dattijo a cikinsu da ke ta faɗa wa Fada, limamin coci, cewa shi aron bindiga kawai ya bayar, bai daina faɗa ba har aka busa usur.

Sai Meshak ya dube ni ya ce, "Kumai, kai nake wa wannan karatun. In na san mai ɓoye bindiga, da bakina zan faɗa, ko uwa ɗaya ta haife mu."

Na ce masa adakata tun kakana take gidanmu, Bature ya zo ya tafi bai karɓe ta ba, ba ɗan Binuwai ne zai fara ba. A zuci na faɗi rabin maganar, gaskiya, amma na faɗa. Da aka zo karɓa na ce wa Saje na sayar da ita bara a kasuwar Kafanchan. Alhali tana kwance a cikin rumbu, ƙarƙashin acca, a naɗe da fatar gada.

Matata Martina ta daina barci. In mota ta yi ƙara a hanya sai ta ajiye muciya ta fito tsakar gida tana sauraro. Ni ban ji tsoro ba. Abinci ne dai ya daina yi mini daɗi, kuma na lura ba na iya juya wa rumbun nan baya.

Ana haka aladun daji suka gane cewa ƙauye ya zama na mata. Suka shiga gwazata suka yi mata kaca-kaca, suka koma kan doya. Abincin shekara ke nan na gidana. Wata safiya hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, na ce yau ce. Na naɗe adaka a cikin tabarma kamar mai zuwa gyaran bukkar gona, na ɗauki mashi. Na sami wani ƙaton namiji yana tono a bakin rafi. Ku ji aikin gwani: na durƙusa na auna shi, na jira. Da walƙiya ta haska na ƙirga numfashina, aradu na faɗuwa na saki. Ko tsuntsun da ke kaina bai raba ƙarar biyu ba. Na sa wuƙa na tono 'ya'yan boris ɗin da na gani, na zubar a rafi, na caka mashi a ramin harbin na murɗa, yadda kowa zai ce da mashi na kashe. Adaka kuwa na mayar da ita rumbu.

Saura al'ada. A wurinmu maharbi ba ya cin babban nama sai ya kai wa Dagaci cinyar dama, da hannunsa, da rana, mutane na gani. Wanda ya ci a ɓoye ɓarawon daji ne, ba a sake kiransa farauta, kuma in ya mutu maharba ba sa ɗaukar gawarsa. Martina ta durƙusa a gabana ta riƙe ƙafata. Ta ce in binne naman, ko mu kyafe shi a ɗaka mu ci a hankali, Saje yana kwana a gidan da zan kai cinyar.

Ta ce, "Baban Simon, don girman Yesu. Dagaci ba zai mutu don bai ci alade ba."

Na ce mata ubana bai taɓa cin cinyar dama ba, ni ma ba zan fara da furfura ba. Na saɓa ta a kafaɗa na bi ta tsakiyar gari.

Dagaci ya yi murna ƙwarai, domin ya gaji da yanka wa baƙinsa kaji. Saje ya zagaya cinyar yana tambaya yaya aka yi, na ba shi labarin mashi har da yadda aladen ya taso mini na goce. Ya ce a garinsu ma akwai irina, amma sun ƙare. Nan take Dagaci ya ce a yi farfesu, a kira dattawa da yamma, kuma maharbi ba zai tafi ba sai ya ci. Ban so haka ba. Tun ina saɓe da cinyar wani tunani yake cina: a haƙarƙari na yi tono, ban duba cinya ba, adaka kuwa watsa ƙarfe take yi kamar mai shuka acca.

Muka zauna a zauren Dagaci, hasken yamma yana shigowa ta ƙofa. Babban kwano ɗaya aka ajiye a tsakiya. Saje yana damana, gwiwarsa na taɓa tawa, ina jin kwalin ashanar nan yana ƙwar-ƙwar a aljihunsa duk lokacin da ya miƙa hannu. Malam Bartholomew da Meshak suna fuskantarmu. Kowace tsoka Saje ya ɗauka, da idona nake raka ta har bakinsa, in jira. Ya tauna, ya haɗiye, in sauke numfashi, ya sake miƙa hannu. Ni da na tsaya gaban ɓauna ban matsa ba, sai ga zufa tana bin bayana har cikin wando. Na riƙa zaɓo manyan tsokoki ina dannawa da yatsa kafin in ci, wai ko in riga kowa samun ɗan boris ɗin. Dagaci ya yi dariya ya ce maharbi zai cinye kyautarsa.

Sai muka ji ƙaras.

Duk zauren ya ji. Ba ƙarar ƙashi ba ce, duk wanda ya taɓa cin naman harbi ya san ta. Daga bakin Meshak ta fito. Ya daina tauna, ya sa hannu ya dafe kumatu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗago ya dube ni. Na ga harshensa yana juya abin a cikin kunci, yana auna shi, kuma na ga lokacin da ya gane. Na ga turken, na ga gangunan, na ji igiya a ƙirjina, har na ga Martina a bayan taro da ɗankwalinta na zuwa coci.

Saje ya ajiye ƙashin da ke hannunsa ya ce, "Tsohon soja, mene ne? Tofo mu gani."

Meshak ya sauke hannu daga kumatu. Jini ya ɗan biyo gefen bakinsa. Ya tofa a tafin hannu ya miƙa, sai ga rabin turmin haƙori.

Ya ce, "Ƙashi ne, Oga. Haƙorin ya daɗe yana yi mini barazana."

Saje bai janye idonsa ba. Ya ce ƙashin alade bai cika fasa haƙori haka ba, ya jawo kwanon gabansa ya fara juya romon da cokali, yana taɓa ƙasan kwano. Kowane juyi ina jiran in ji ƙarfe ya gogi tasa.

A nan Malam Bartholomew ya yi abin da ban taɓa zaton zai iya ba. Ya buga cinya ya ce ga irin abin da yake faɗa, tsohon soja ya yi wa ƙasa yaƙi, haƙorinsa ya ruɓe babu asibitin da zai je, kuɗin mai duk an zuba a bikin Ikko. Ya juya kan Saje ya tambaye shi a wane sashe na wace doka aka ce a karɓi kayan talaka ba rasit, ba diyya, kuma idan farar hula suka hau baɗi wa zai amsa wannan tambaya a kotu. Malamin gwamnati ne fa, da albashi da 'ya'ya a makaranta, yana faɗa wa ɗan sanda haka a zamanin soja. Saje ya saki cokali ya miƙe tsaye. Ya ce shi doka ɗaya ya sani, wadda ke aiki yau, kuma zai rubuta sunan Malam ya aika Kaduna. Meshak, da kunci a kumbure, ya goyi bayan Saje yana magana ta gefen baki, Malam ya hau shi, Dagaci yana ba da haƙuri. Kafin a lafa matar Dagaci ta shigo ta ɗauke kwanon, ta ce tunda siyasa za su ci, yara su ci nama.

Da aka watse na bi hanyar gida. Meshak ya cim mini a gindin ɗorawa yana jan ƙafa. Ya kama hannuna, ya buɗe tafin, ya tofa mini ɗan boris, da ɗumi da jini.

Ya ce, "Gobe kafin a buga ƙararrawar safe ka kawo ta gidana. Zan ce ta marigayi babana ce, na tsinta a cikin jinka. Ni soja ne, zai yarda. In rana ta fito ba ka zo ba, Kumai, zan je in faɗa masa abin da na tauna."

Na ce masa bindigar kakana ce. Ya ce dattijon Kaduna ma ta kakansa ce.

Na kai ta. Ni na tono ta daga cikin acca, na shafa mata man kaɗe, na naɗe ta a tabarma. Martina ta raka ni har bakin ƙofa, da na dawo hannu wofi sai ta shiga ɗaki ta yi barci har azahar. Saje ya karɓa daga hannun Meshak ya jefa a bayan mota tare da sauran, kamar itacen girki. Malam Bartholomew kuwa, kafin Kirsimeti aka ɗauke shi aka kai wata makaranta can bayan Jere, inda mota ba ta zuwa. Da ya zo sallama ya ce mini har yanzu shi ke da gaskiya a kan tsarin mulki. Meshak ya ce masa ya tafi da ita can ya koya wa birai.

Aladu sun cinye sauran doyar a shekarar nan, mun sha wuya har sabuwar acca. Farar hula sun hau, ba wanda ya dawo mini da adaka, ba wanda ya biya ni. Amma ba a ɗaure ni a turke ba, kuma ba wanda zai ce Kumai ya taɓa cin cinyar dama. Ni na ɗauki gawar Meshak da kafaɗata, na kuma je jana'izar Malam da ƙafata. Ɗan boris ɗin yana nan a cikin ƙahon tabata. Har yau in ana cin nama wani ya tauna ƙashi da ƙarfi, sai in ga na ajiye lomata ina duban ƙofa.