Saƙon da Babu Bisimilla

Tun ranar da Zubaida ta dawo daga Katsina da kwamfutar nan Munzali bai yarda da ita ba. Ita kwamfutar, da ita Zubaidar ma.

Wansa, Malam Suhaibu, shekara biyu ke nan yana kwance a gidansa na Daura. Ciwo ya kama harshe, ya kama hannuwa, babu abin da ke motsi sai ido da babban yatsan ƙafar dama. Sai ga 'yarsa Zubaida ta ɗaura masa wani maɓalli a yatsan, ta kafa kwamfuta a gabansa. Haske na bin haruffa layi-layi. In ya iso layin da Malam ke so sai ya danna, hasken ya shiga bin su ɗaya-ɗaya, ya sake dannawa. Wai haka ake haɗa kalma. Shi dai Munzali abin da idonsa ya gani, kullum Zubaida na zaune wajen ƙafafun, hannunta dab da mayafi.

Da fari saƙonnin ba su wuce "ruwa" da "a juya ni" ba, sai ya kawar da kai. Ranar Laraba aka nuna masa wanda ya tsaya masa a wuya: a ba Zubaida makullin Islamiyya, ita za ta riƙe makarantar. Makarantar da ya ajiye cinikin shanunsa a Baure ya zo ya tsare shekara biyu cur.

Kuma yana da hujja. Malam mutum ne da ko lambar waya zai rubuta a bayan kwalin ashana, sai ya fara da Bisimilla. Suna yara ya sha dungure wa Munzali kai a kan haka. Wannan saƙo kuwa ya faɗo ne kawai, babu ko ba'un Bisimilla.

Washegari da hantsi ya shigo, makullin na aljihunsa.

"Zubaida, koma tsakar gida, ki ja ƙofa."

"Baffa, yana saurin gajiya in babu mai..."

"Na ji. Fita dai."

Da ta fita ya yaye mayafin don ya ga yatsan da idonsa, ya zauna nesa da gadon.

"Yaya Malam, in da gaske kai ke maganar nan, ina Bisimillarka? Ni na san ka tun ban san kaina ba."

Hasken ya fara tafiyarsa. Yatsan ya motsa. Sau biyu layin ya wuce Malam, sai da ya jira ya zagayo, gumi na tsattsafowa a goshinsa. Munzali na karanta haruffan a fili, har suka haɗu: AUTA.

Tun rasuwar Inna ba wanda ya kira shi haka. Amma ya dake, don suna ai ana iya jin sa a bakin dangi.

Haruffa suka ci gaba da fitowa, a hankali kamar ɗigon randa mai tsaga. DA ME NAKE RUBUTU?

Munzali ya dubi allon, ya dubi yatsan.

SUNAN ALLAH DA ƘAFA? A ZUCI NAKE YI.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Wata uku yana zargin yarinya da sata, ashe abin da ya ɗauka hujja a kanta shi ne babbar shaidar cewa wansa na nan daram a cikin jikin nan, da ladabinsa da taurin kansa. Ya ja mayafin ya rufe ƙafar, ya matso kusa da kansa.

"Ka yafe mini, Yaya. Daga yau in ina nan, ni zan riƙa yi maka a fili."

Ya gyara murya, ya yi Bisimilla cikakkiya, yadda aka koya masa da dungure.

Hasken ya sake tashi. M. A. K. U.

Munzali bai jira sauran ba. Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya kira Zubaida.