Fuskar da Zara'u ta aiko

…kuma ba kalma ko ɗaya. Ko ɗaya. Malam Cha'ibu yana kai wayar kusa da ido, yana nisanta ta, abin bai canza ba:

(°ロ°)

Iyakar abin da Zara'u ta aiko daga Kwatano ke nan. Ɗiyarsa ta cikinsa. Ya rubuta mata da Hausa mai tsabta, waƙafi inda ya dace, aya inda ta dace — Innarki ta rasu da hantsi, mun kai ta makwancinta bayan azahar — ita kuwa ta maido masa baka biyu, da 'yan idanu irin alamar ma'aunin zafi, da wani baki mai kusurwa huɗu. Wannan ce ta'aziyya? A wane aji ya koya mata haka? Shi da ya ƙare ƙarfinsa gaban allo a lakwal ɗin Maijirgi, alli ya ci masa maƙogwaro…

Tabarmi cike da mutane a ƙofar gida. Ya karanta musu saƙon Mumuni, yayan Zara'u, daga Agadas, aka shafa fatiha. Na surukai daga Hawandawaki, aka shafa. Sai maƙwabcinsa Namadi ya gyara zama, ya kira shi yadda ake kiran malamin lakwal: "To Mushe, 'yar Kwatano fa? Ta ji? Me ta ce?"

Me ta ce. Yaya ake karanta wannan cikin jama'a? Ya wangale baki ya zare ido a gaban liman?

"Rezo ne babu, saƙo ba ya shigowa," ya ce, ya shigo ɗaki. Ƙarya — ranar da ya rufe matarsa Furera.

Na Japanawa ne, Baba, in abu ya ba mutum mamaki. Haka Zara'u ta ce da ta zo hutu. Ranar da sojoji suka karɓi mulki, wannan fuskar ta aiko. Da ya gaya mata ruwa ya ɗauke, hatsi ya ƙone a tsaye tun bai fid da kai ba — ita. Da akuyar gidan ta haifi uku — ita! Akuya da uwa, fuska guda? A'a. Wannan sai an gyara. Iyaka a rufe take, ya sani, bai ce ta yi fiffike ba. Ko kuka bai nema ba. Jimla guda yake nema, cikakkiya: Allah ya jiƙan ki, Inna. Ta rubuta, ya fita ya karanta, mutane su shafa. Haƙƙin mamaciya ne, ba nasa ba.

Ya fara rubuta mata: Zara'u, ban yarda — ya goge. Wajibi ne ki — ya goge. Ƙarƙashin sunanta waya na nuna tana rubutu… ta daina. Tana rubutu… ta daina.

Zanen Furera na kan igiya har yanzu, ya bushe, ba wanda ya kwashe.

Furera da ba ta taɓa shiga aji ba. Ya yi, ya yi, ta ƙi riƙe ko baƙi ɗaya: "Malam, ka bar ni da turmina." Amma in wayar ta yi ƙara, ga ta tana leƙowa ta kafaɗarsa, hannu duk gari — "Tsaya, kar ka karanta mini, wannan ni ma na iya. Dube ta, ta saki baki, ja'ira!" Ta yi ta dariya har da tari. Duk dogon rubutun yarinyar sai ta bakinsa yake isa gare ta. Wannan kaɗai take karɓa da idonta.

To ashe… ba shi aka rubuta wa ba?

A waje Namadi na kira, baƙi sun iso daga Issawane. Yana zuwa. Ya ce yana zuwa. Bakin nan na kallonsa a buɗe, kuma mai iya karanta shi tana ƙarƙashin ƙasa tun bayan azahar…