Rumfar Ƙadri a Bayan Gari

Shekarar da gero ya ƙone tun bai fidda kai ba, Zalika ba ta da madogara sai cunkoson motoci a tsakiyar Tasawa. Kamiyon dawar agaji ya yi kiciɓis da amalanke, hanya ta toshe, direbobi su sauko suna zage-zage, ita ko ta sayar musu da tuwo.

Ana nan sai wanta Ƙadri, mai facin taya, ya cire rumfarsa daga bakin kwalta ya kafa ta can bayan gari cikin sabara. Aka ce fari ya taɓa masa kai.

Ba a jima ba wasu ma'aikata suka iso, soja na gadinsu, suka bi daji suna kafa turaku masu jan fenti. Suka ce sabuwar hanya za a buɗe mai faɗi, ta kewaye gari. Turakun kuwa ta ƙofar rumfar Ƙadri suka bi.

Nan zance ya juya. Ina ya sani? Zamanin soja ne, wanda ya ji magana kafin rediyo ta faɗa, kunne gare shi a bariki, kuma mai kai kunne can da bakinsa yake tafiya. Aka tuno Isufu tela, wanda ya kushe rabon agaji a tsohuwar rumfar Ƙadri, washegari jandarmomi suka tafi da shi.

Zalika ta taka har sabuwar rumfar. Ta iske Ƙadri yana goge wata tsohuwar taya.

"Yaya, wa ya gaya maka nan hanya za ta bi?"

"Wani direba ne."

"Wanne? Duk na san su, tuwona suke ci."

Ya juya tayar. "Sunan ya ɓace mini. Ke dai kawo tukwanenki tun wuri bai cika ba."

"Isufu fa?"

"Allah ya fidda shi," ya ce, ya ci gaba da guga.

Ta koma gida, ba ta kai tukwanen ba. Amma da motocin aiki suka fara kankare ƙasa, leburori suka cika wurin, yunwa ba ta bar ta ta yi zuciya ba. Ta kafa murhu gefen rumfarsa, ciniki ya buɗe.

Ran da 'ya'yanta za su fara biyo ta, ta tsayar da su a ƙofar gida.

"In kun ga kawunku ku durƙusa ku gaishe shi. In ya tambaye ku me ake cewa a gari, ku ce lafiya lau."