Azumin Fadamar Dundaye

Na'Allah ba mai son taro ba ne, amma ranar da manoman albasa na Dundaye suka haɗu a masallacin bakin fadama bayan la'asar, shi ya riga kowa zuwa, ya zauna a gaba yana huci. Da safiyar ranar ya kai jarkarsa gidan man da ke kan hanyar shiga gari, ya tarar an sake ƙara kuɗi. Tun da aka cire tallafi farashin fetur bai taɓa yin baya ba ko da bisa kuskure, ga shi kuma ana ta raɗe-raɗin za a ɗora masa wani haraji. Injin ban-ruwa kuwa ba ya jin magiya. Abin da ya sha jiya shi zai sha yau, ko mai shi ya karya kumallo ko bai karya ba.

Maigandi ne ya miƙe, shugaban manoman, abokin Na'Allah tun suna yara. Allah ya ba shi baki, in yana magana har mai barci sai ya gyara zama.

"Jama'a, mu ka sayen man ga," in ji shi. "In munka ɗauke ƙahwa daga gidan man can, wa za su saida ma? Su sha shi? Mu ƙaurace musu gaba ɗai, mu ga ƙarshen tsiya."

Masallaci ya ɗauki hayaniya. Liman Abdulshakur, dattijon da ya ga irin wannan zafin kai ba sau ɗaya ba, ya ɗaga hannu ya ce su tsaya ga alkawari, su bar rantsuwa, don albasa ba ta kai cira ba tukuna. Ina, ai babu wanda ya saurare shi. Na'Allah ne ya fara. Ya ce wallahi tallahi ba zai sake zuba fetur a injinsa ba sai an rage kuɗinsa. Maigandi ya bi, sauran suka bi ɗaya bayan ɗaya, kowa na ƙoƙarin ya fi na gabansa ɗaga murya. Aka shafa fatiha aka watse, ana jin kamar gobe da safe gwamnati za ta aiko a ba su haƙuri.

Da ya gaya wa matarsa Sadiyatu, tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, ka tuna geron da munka saida don iri da taki?"

"Na tuna."

"To. Albasar ga ita a abincinmu har damana. Ban ce komi ba."

Ta kuwa faɗi komai. Rumbunsu saura ɗan abin da ba a rasa ba, kuma duk abin da gidan zai ci har sabon gero ya nuna yana can kwance a fangulan albasa, da sauran kusan wata guda kafin a cire. Na'Allah ya san haka sarai. Sai dai shi mutum ne da in ya kafe, ko jaki sai ya sara masa.

Sa'arsa ɗaya, gonarsa tana bakin gulbi, a can ƙarshen fadama. Ya sari itace mai baki biyu ya kafa a gaɓa, ya gitta doguwar gora a kai, ya ɗaura curin laka a gindinta, ya rataya guga a ɗaya bakin. Jigo ke nan, irin wanda mahaifinsa ya yi ban-ruwa da shi har ya tsufa. A ja igiya guga ya nutse, a saki laka ta ɗago shi, a juye a hanyar ruwa, a sake. Ranar farko har waƙa yake yi. Kafin mako ya zagayo tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, kafaɗunsa suka ƙage, in ya yi ruku'u sai ya dafa bango kafin ya ɗago. Da magariba yake ja jiki ya koma gida, ya yi isha'i yana gyangyaɗi, ya faɗi kamar buhu.

Kuma ruwan bai isa ba. Mahaifinsa ɗan lambu yake nomawa, shi kuwa inji ya sa ya faɗaɗa gona har ta ninka ta ninka. Fangulan da ke kusa da gulbi suna sha, na tsakiya suna lasa, na can nesa kuwa kafin ruwa ya kai gare su ƙasa ta shanye shi a hanya. Bakin ganyensu ya fara ja, suna kwantawa da rana. Kullum sai ya je ya tsaya a kansu, zuciyarsa na ƙuna, ya ce musu su ƙara haƙuri, masu gidan mai sun kusa durƙusawa.

Manoman suna da al'ada, in rana ta take sai su taru a gindin mangwaron tsakiyar fadama, kowa ya buɗe ƙunshinsa a ci tare. Wata Talata Na'Allah ya zo da dafaffen rogo da ƙuli, ya tura gaban Mode, ɗaya daga cikin manoman. Mode ya kau da kai ya ce yana azumi. Abin ya ba Na'Allah dariya, don Mode ko na watan Ramadan da ƙyar yake kai shi, tun azahar yake fara leƙen rana. Ya tura wa Siddiƙu da ke zaune kusa, shi ma ya ce azumi yake. Washegari masu azumin suka ƙaru. Ba Litinin ba, ba Alhamis ba, ba kuma wani wata mai falala ba, amma ga ƙarti zube a inuwa, leɓɓa sun bushe, kowa na kallon ƙasa. Na'Allah, bawan Allah, har daɗi ya ji. Ya ɗauka azumi suke na roƙon Allah ya ba su nasara a kan masu mai, ya ma ji kunyar shi bai yi tunanin haka ba.

Goro ne ya tona. Ya ɓare wani fari tas ya miƙa wa Maigandi rabi, Maigandi ya girgiza kai. Maigandin da in ya yi awa guda babu goro a baki sai ya nemi faɗa da kowa. Na'Allah ya tsaya da hannu a miƙe yana kallonsa, sannan idonsa ya wuce shi zuwa gonarsa da ke bayan mangwaron. Ƙasar ta yi baƙi da danshi, ganye a tsaye shar. Gonar Maigandi kuwa nesa take da gulbi, ruwanta na bututu ne da aka soka a ƙasa, wanda ko kofi ba ya shiga, balle guga.

"Maigandi, azumin mi kaka yi?"

Mode ya ja hularsa ya rufe fuska.

"Kahwara ta, Na'Allah," in ji Maigandi a hankali. "Mun tai wurin Liman. Yac ce wanda yak karya rantsuwa shi ciyar da miskinai goma, in bai da hali shi yi azumi ukku. Addinin ga da sauƙi."

"Ku duka?"

"Mu duka. Sai ka tahi gida muka tada injuna. Kunyarka munka ji."

"To gidan man hwa? Sun ji jiki?"

Maigandi ya share wuya. Siddiƙu ne ya amsa, don shi ba ya iya riƙe magana. Ya ce da ya je ya tambayi yaron da ke ba da mai ko sun ga ciniki ya ragu, yaron ya ce wane ciniki, shi bai ma ji an yi wani abu ba, motocin gari kaɗai sun ishe su. Kuma jiya an sake ƙarawa.

Na'Allah bai yi zagi ba, ko da yake an shirya jin zagin. Ya jefa goron duka biyu a baki, ya naɗe ƙunshinsa, ya koma wurin jigo. Abin da ya fi ci masa rai ba karya rantsuwar ba ne. Shi ne yadda suka bar shi yana zuwa kullum yana nuna musu hannayensa, yana ba su baki su daure, suna gyaɗa kai.

A gida ya tarar Sadiyatu ta riga shi sani, ita da duk matan unguwa. Yo ta yaya ba za su sani ba, tunda su ake tasa su ɗumama tuwon sahur? Ta jira ya yi magariba, sannan ta jawo wani kwando ta ajiye a gabansa. Gero ne, an auna an rufe da faifai.

"Na aika an tambayo Liman," in ji ta. "Kai ba ka iya azumi da aikin ga. Ga na miskinai nan na ɗebo cikin wanda yar rage. Yac ce saura niyyarka. Ka ce ka yi niyya, gobe ka ɗauki jarka."

"Maida shi rumbu."

"Malam, Allah da kainai ya buɗe ƙohwa. Kai wa na da za ka ruhe?"

"Ke kina zaton rantsuwa ta ɗaure ni? Ko an kwance ta ba ni saye. Kullum su ƙara, mu yi ƙunƙuni, mu ciro mu biya. Sun san mu, Sadiya. Sun san ko nawa sunka ce, da sahe muna nan bisa layi da jarkuna."

"Ba su ko san da kai ba."

"Ni na san da su."

Sadiyatu ba mace ce mai kuka ba, kuma ba ta yi ba, sai dai ta ce, "To mu ci mi?"

Nan Na'Allah ya so ya ce Allah na nan, ya ga in ya faɗa ya raina mata hankali, don ita ma ta san Allah na nan, kuma ita za ta tsaya gaban tukunya. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ranar da ambaliya ta cinye masa shinkafa. Duk da haka da ya kwatanta kansa tsaye a layin gidan mai, ana kallonsa ana ƙunshe dariya, yaron nan na zuba masa a sabon farashi, sai ya ji ba zai iya ba. Ya ture kwandon da ƙafa a hankali zuwa wajenta.

Da gari ya waye ya ɗauki fartanya ya bi hanyar ruwa yana duba fangali ɗaya bayan ɗaya, yana auna abin da hannunsa zai iya shayarwa tsakani da Allah. Inda ya ga ƙarfinsa ya tsaya, nan ya tsaya. Ya kwaɓa laka ya toshe hanyar, ya daddanna da ƙafa. Abin da ya bari a bayan toshiyar ya fi abin da ya riƙe yawa nesa ba kusa ba.

Yana cikin haka Maigandi ya iso, ɗauke da injinsa a kafaɗa, yana haki.

"Bari in ba ta ruwa. Injina na, maina na, ba ka sayi komi ba, ba ka karya komi ba. Don Allah, Na'Allah. Kada ka kashe albasar ga don ka ba mu kunya, mun riga mun ji ta."

"Man naka, ina kas samo shi?"

"Ka san inda nis samo shi."

"To kai shi gonarka."

Maigandi ya tsaya kamar zai ƙara magana, ya ga fuskar abokinsa, ya juya da injinsa. Na'Allah ya ji tausayinsa, don ya san da zuciya ɗaya ya zo, amma bai kira shi ba.

Da hantsi ya ɗaga sai ga Sadiyatu, wadda rabonta da fadama tun tana amarya. Ta ajiye ƙwarya a gindin jigo ba ta ce masa sannu ba, ta ɗaure zane, ta tsallake toshiyar ta shiga fangulan da ya sallama. Ta duƙa tana tuge albasar, 'yan ƙanana da ba su wuce goro ba, tana yanke ganyen tana tarawa gefe guda. Gabu za ta yi da shi, ta daka ta dunƙula ta shanya, ko kuɗin gishiri a samu. Na'Allah na jan igiya yana satar kallonta. Kowace ta tuge sai ya ji kamar a jikinsa.

Can ya gaji, ya zauna ya buɗe ƙwaryar. Fura ce, amma ludayi na shiga ya nutse har ƙasa bai gamu da komai ba.

"Hurar yau ruwa ta," ya ce.

"Haka za ka sha ta har damana," in ji Sadiyatu, ba ta ɗago ba.

Ya ajiye ludayin, ya kafa kai ya shanye tas, ya goge baki da bayan hannu. Ya miƙe, ya naɗa tsumma a tafinsa ya kama igiya. Guga bai kai ga nutsewa ba ya ji inji ya tashi daga wajen mangwaro, wani ya amsa masa, wani ma ya amsa, da rana tsaka, tunda yanzu babu sauran wanda za a ɓoye wa. Na'Allah ya ɗago gugan ya juye, ya sake ja.