Ranar da Baba Ya Koma Kan Keke

Wata tara keken Baba yana jingine a bayan ɗakin girki, tun ranar da aka gano bawul ɗaya na zuciyarsa ba ya rufuwa da kyau, jini yana ɗan komawa baya. Baba mai walda ne, shekara ashirin da shida a kan keken nan yake zuwa shago. Mama kuwa daga jin an ambaci zuciya ta sa masa takunkumi. Ko bokiti ya taɓa sai ta karɓe.

Likitarsa ce ta kwance shi. Ta liƙa masa wayoyi a ƙirji, ta ɗora shi kan injin tafiya, tana ƙara masa sauri tana duban allo. Da ya sauko ta ce, "Baba, zaman nan ba gata ba ne. Ku fara da tafiyar ƙasa sati shida, sannan keke. Kada bugun zuciyar ya wuce ɗari da goma. In kun ji jiri ko ƙirji ya riƙe, ku tsaya nan take a kira ni. Ƙarfe mai nauyi kuwa, a bar wa ma'aikata."

Sati shida muka yi muna zaga unguwa ni da shi kowace safiya. Ranar da suka cika, tun kafin in farka ya wanke keken, ya zuba wa kaca mai, ya ɗaura agogon ƙirga bugun zuciya da na saya masa.

"Uwata, fito ki ga ubanki!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Mama ta fito da jakar magani da gorar ruwa. "Ɗauko mota. Bayansa za mu bi."

"Haba, sai ka ce gwamna?" in ji Baba, amma bakinsa har kunne.

Ya yi minti biyar yana kai da kawo a ƙofar gida don jiki ya ɗumama, sannan ya haye. Keken ya yi tangal-tangal, Mama ta damƙe min hannu, sai kuma ya miƙe sambal. Mai kantin da ke kan kwanar layinmu ya fito da gudu yana tafi. Muka shiga mota, na sa giya ɗaya na bi shi, kafin mu kai shataletale motoci sun yi layi a bayana, hon kamar za su tsaga kunne.

Mama ta leƙa ta taga. "Nawa?"

"Casa'in da takwas!"

"Ka yi magana mai tsawo in ji numfashinka!"

"Na ce casa'in da takwas, kuma ki mayar da kanki ciki kafin babur ya tafi da ɗankwalin!"

Ta koma ta zauna tana dariya tana share ido.

Hawan gada ne abin da nake tsoro. Da can a tsaye yake taka shi, bai taɓa sauka ba. Ya kai rabi na ga ya dubi agogo, ya rage, ya sake duba. Sai ya ja birki, ya sauke ƙafa. Na faka, muka fito a guje.

"Jiri ne? Ƙirjin ne?"

"Babu ko ɗaya. Ɗari da sha biyu ya nuna. Alkawari na yi wa likita." Ya kurɓi ruwa, ya jira lambar ta sauko, ya kama kan keken yana turawa. Wani direban tasi da ya san shi ya rage gudu. "Mai walda, tsufa ya zo ke nan?"

"Wuce dai, motarka ma tura ta ake yi!"

A saman gada ya sake hayewa. Gangaren nan iska ta cika masa riga, muna jin ihunsa har cikin mota.

Ma'aikatansa uku suna bakin shago. Suna hango shi suka kama dukan ƙarafa da guduma, maƙwabta suka firfito. Baba ya sauka a hankali, ya zaga shagon sau biyu har numfashinsa ya daidaita, sannan ya tsaya gaban wata ƙofar ƙarfe da suka haɗa, ya shafa bakinta da yatsa.

"Wa ya yi wannan waldar haka? Ku kwantar min da ita a kan benci. Uwata, miƙo min tabarau na walda."